Ruwan da Aka Surka

Ku 'yan matan yanzu kuna ganin ɗiban ruwa ba sana'a ba ce. Na ji ku jiya a bakin rijiya kuna ƙyalƙyala dariya, wai tsohuwa Jimma ta ƙare rayuwarta tana tallan abin da Allah Ya ba kowa kyauta. To, kyauta Ya bayar, amma can ƙasa Ya ajiye shi, kuma tsakanin gindin rijiya da maƙogwaron yaro akwai hannuwa da yawa. Ɗaukar ruwa kam ko jaki ya iya. Abin da ake koya a wannan aiki shi ne rashin yarda, kuma ni na koye shi har ya zame mini hali. Ku matso ku ji, in kuna da kunne.

Ranar da na fara bin Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana, ba ta bar ni na taɓa igiya ba. Tulu ta miƙo mini ta ce in wanke. Na zuba ruwa na girgiza na kawo mata. Ta sa hanci a bakinsa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Jimma, tulun ga wanke shi kinka yi ko alwala kinka yi mishi? Koma."

Na koma na sa toka da yashi da ɗan tsinken kaba, na goge cikinsa har hannuna ya yi ja, na kife shi a rana. Sai da ta sake shinshinawa sannan ta karɓa ta ajiye, wanda a wurinta shi ne yabo. Ita ta rene ni, don uwata Buzuwa ce daga arewa, ta rasu ina goye. Ku riƙe wannan, zai dawo a gaba.

Dakoro ta wancan lokaci ba ta wuce rijiya da gidajen da suka kewaye ta ba, sai bukkokin makiyaya masu zuwa su wuce. Rijiyar kuwa mai zurfi ce, ba irin wadda mace za ta zura guga ta ja da hannu ba. Wani Buzu ne, Agali, yake jan ruwa da takarkarinsa. Za a sake wasaki, wato babban gugan fata, ya nutse, sannan Agali ya kora takarkarin ya yi ta tafiya da igiya har ki ga ya ƙanƙance, kafin wasakin ya leƙo. Mafi yawan ruwan a kwami ake juye shi don shanu da raƙuma. Mu masu kai wa gidaje sai mu tsaya da tulunanmu mu tara daga bakin wasaki. Gwaggo ta taɓa kama ni ina kamfata daga kwami don na gaji da jira, ta zubar da tulun a gaban Fulani, ta ce in yawun saniya nake son sayarwa in je in nemi masu saye. Ba ta yarda da ruwa don ya yi garau. Takan ɗanɗana ta juya shi a baki kamar mai sayen zuma, kuma ta tilasta mini yin haka har harshena ya san ruwan safe daga na yamma, ya san na sabon tulu daga na salka.

Gidajen da nake kai wa ruwa kuwa, kowanne da nasa ciwon kai. Akwai wadda kullum sai ta leƙa tulu ta ce bai cika ba, alhali randarta ce ke yoyo. Akwai wadda randarta ba ta ga wanki ba tun ranar da aka kawo ta cikin kayan aure, in kin ɗaga faifan sai ki ga 'yan tsutsotsi suna wasa, amma in ɗanta ya yi ciwon ciki ruwan Jimma ne. Akwai mai yar da moɗa a ƙasa kaji su tattaka, a ɗauka a tsoma ba ɗauraya. Ni dai in na shiga gida ba fuskar matar nake fara duba ba, gindin randa nake duba. Saboda haka ba a cika so na ba. Ana ba ni gerona da ɗan nono, ana gaishe ni, amma mace ba ta son wadda ta san cikin randarta.

Shekarar da nake son ba ku labari, Gwaggo ta riga ta rasu, aikin ya dawo wuyana ni kaɗai. Rani ya yi tsawo, dabbobi suka taru a rijiya daga Bader har daga inda ba mu san suna ba, kewayen rijiyar ya zama taɓo da kashi. Wani ayarin fatake ya sauka kusa, da marasa lafiya a cikinsu, suka binne mutum suka tashi. Sai ga ruwan farko ya sauko da ƙarfi, ya ci gefen bakin rijiya, ya kwashi duk ƙazantar nan ya zuba ciki. Da gari ya waye na ɗanɗana, na ji wani gafi-gafi a ƙarshen harshe. Na ce wa Agali ruwan nan ya sake. Ya ce shi ma takarkarinsa sai da ya yi jim kafin ya sha. Amma wace rijiya ce wata? Muka ci gaba da ɗiba.

Ba a daɗe ba cutar ta faɗo. Amai da gudawa, mutum da safe yana tafiya, da yamma idanunsa sun faɗa, fatarsa in an ja ba ta komawa. Ta fara da yara da tsofaffi. Nan fa gari ya cika da zato. Wasu suka ce fataken nan ne suka jefa sammu don an tsawwala musu hatsi. Wasu suka ce Fulani ne. Wasu suka fara kallon Agali, har ya daina shiga gari. Maƙwabciya ta daina karɓar furar maƙwabciya. Kowa dai ya yarda ruwa ba ya tsami banza, sai dai kowa mutum yake nema, ba wanda ya dubi ramin da ke bakin rijiya.

Delu ungozoma ce ta tare ni wata rana ina fitowa daga wani gida. A lokacin ina kai ruwa gidajen masu jego, don su ne manyan masu cin ruwa, kullum tukunya a kan wuta ana wanka da ganyen sabara.

"Jimma, tsaya. Ke da ke shiga ko'ina, gaya min. Cikin masu jegon ga akwai wadda ta kwanta?"

Na yi lissafi a raina. "Babu ko guda, Gwaggo Delu."

"Alhali gidajensu duk an yi ciwo. To mi suka sha da mu ba mu sha?"

Muka dubi juna. Mai jego ba ta shan ruwan sanyi har ta yi arba'in, sai wanda ya tafasa, sai kunun kanwa. Ni ma a gidajen nan nake karyawa, a nan nake kashe ƙishirwa, shi ya sa ina tsaye garau. Ba mu san dalili ba, har yau ban sani ba. Mun dai ga cewa abin da ke cikin ruwan ba ya son wuta.

Delu tana da bakin magana gaban mai gari Nomau, don ita ta yanke wa 'ya'yansa cibi. Ya saurare ta, ya aika garin Korahane a kira mai yasar rijiya, ya kuma sa mai shela ya zaga gari.

"Mai gari na gaishe ku! Ya ce kowa shi tahwasa ruwa kahin shi sha, kamar na mai jego, har a zo a yashe rijiya! Wanda ya ƙiya, kanshi!"

Faɗa da baki ba wuya. Ana cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum, itace ya yi nisa, sai kara da busasshen kashin shanu. Ruwan in ya tafasa sai ya yi lami, ya ɗauki warin hayaƙi, kuma ya ƙi hucewa har yamma. Aikina ya ninku, don ban da ɗauka sai na koma 'yar sa ido. Wata ta ɗora tukunya, da ta ga tururi sai ta sauke, na ce mata mayar, sai ya yi ta ɓulɓula yana juyawa. Wata ta tafasa da kyau ta juye a randar jiya ba wanki. Wata ta tafasa na sha amma ta dama fura da ɗanye, wai ai fura ba ruwa ba ce. Wata ta ɗauraye ƙoƙon yaro a ɗanyen ruwa ta zuba masa dafaffe a ciki. Na yi ta faɗa gida-gida har muryata ta dushe. Na ce a raba tulun ɗanye da randar dafaffe, kowanne da moɗarsa, a rataye moɗar, a bar dafaffe ya huce da kansa a rufe. Inda aka bi, cutar ta ja da baya. Inda aka bi rabi, aka yi ta haƙa kaburbura.

Ana nan sai Hakama ta kwanta, 'yar mai gari, yarinya da ba ta daɗe da yaye ba. Gidan mai gari kuwa ba gidan da ya kai shi tafasa ruwa, don shi ya ba da umarni, kuma uwarsa, wadda duk gari ke kira Inna, ita ke tsaye a kan tukunyar da kanta. Inna tsohuwa ce mai tsabta, randarta ce kaɗai ban taɓa samun abin faɗa a kanta ba. Hakama a ɗakinta take kwana, a bayanta take yini.

To in an tafasa ruwa kuma yarinya ta kwanta, ai ba ruwa ba ne. In ba ruwa ba ne, mutum ne. Wa ke shiga gidan nan kullum? Wa ke shiga duk gidajen da aka yi mutuwa, ita ko ciwon kai ba ta yi ba? Wa aka san uwarta ba 'yar nan ba ce, ba wanda ya san danginta? Wata ta tuna na taɓa shafa kan Hakama na ce ta yi ƙiba. Kafin azahar maganar ta gama gari, Jimma mayya ce, ta kama kurwar 'yar mai gari, dabarar tafasa ruwa ma don ta ɓad da sawu ne.

Kun san abin da ake yi wa wadda aka ce mayya ce. A kai ta ta tsallake marar lafiya, ta kurkure bakinta ta tofa a ƙoƙo a ba shi ya sha, don kurwarsa ta komo. In ta yi, ta amsa laifi, amma wani lokaci a bar ta ta zauna a gefen gari. In ta ƙi, a kore ta. Kora a bazarar nan, ba salka ba jaki, kuma ba rijiyar da za ta karɓi mace mai wannan suna, ba kora ba ce, kisa ne.

Samari suka zo suka tasa ni gaba har tsakar gidan mai gari. Mutane cike, har kan darni. An shimfiɗa Hakama a tabarma, leɓɓanta sun bushe, Inna na zaune ta riƙe ƙafarta. Mai gari bai dube ni ba.

"Jimma, ni ban ce ke ce ba. Mutane sunka ce. In ke ce, ki ji tsoron Allah ki sakam min ɗiya. In ba ke ba ce, tsallakawa ba ta rage ki da komi."

"Ranka shi daɗe, ruwan da na kawo gidan ga tun Gwaggo na da rai ya isa shi yi min shaida."

"Tsallaka dai."

Na tsallaka. Ban ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni, kuma na ji baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji ba, don a cikin masu kallon nan babu wadda ban ɗauki ruwan wankan jegonta a kaina ba. Aka ce a kawo ruwa. Matar mai gari ta nufi randar dafaffe ta ɗebo a ƙoƙo ta miƙo mini daga nesa, kamar mai ba kare.

Tun ƙoƙon na hannuna na ji abin bai yi mini ba. Da hantsi na shigo gidan nan da tulu, na ga tukunyar tana kan murhu. Yanzu rana ba ta gama karkata ba, amma ruwan nan ya yi sanyi. A wannan zafin, ruwan da ya tafasa da hantsi ba ya sanyi haka ko aljani ne ya yi masa fifita. Na kurɓa na juya shi a baki yadda Gwaggo ta koya mini. Warin hayaƙin yana nan, amma a ƙarƙashinsa ga gafin nan na rijiya, sarai. Na waiga wajen tulun ɗanye da na ajiye da safe a gindin rumbu. Na bar shi cike har wuya, yanzu faifan ya goce, jikinsa ya jiƙe ta gefen da aka karkata shi.

An surka ruwan. Abin da kowace mace ke yi tun tana yarinya, in ruwan wanka ya yi zafi, ko kunu ya yi zafi, ta ɗan zuba na sanyi don a iya taɓawa. Hannu ne ke yi, ba ya shawara da kai. Kuma na san hannun wa. Yarinya na kukan ƙishirwa a bazara, ruwa na ƙuna, wace kaka ce za ta zauna tana kallo har yamma? Na dubi Inna. Ta ga inda idona ya fito, ta sunkuyar da kai.

Ga ruwa a bakina, ga mutane suna jira in tofa. In na tofa, na tsira da zama a gari, a ɗura wa yarinyar da ta kusa ƙarewa ɗanyen ruwa, a ci gaba da ba ta shi har ta tafi. In na ce Inna ce, wa zai yarda da mayya a kan uwar mai gari? Sai na haɗiye. Na kafa kai na shanye ƙoƙon tas, na kife shi.

Gidan ya ɗauki salati. Wani ya ce ta haɗiye kurwar. Na ɗaga murya yadda nake yi a bakin rijiya.

"Ruwan ga ɗanye ne! An tahwasa shi, an surka shi. Ban san wa ya surka ba, ban kuwa tambaya ba. Na sha shi gabanku. In ni mayya ce, ba abin da za shi same ni. In kuwa na kwanta, to ku san ba ni ke cin ɗiyanku ba. Amma kada a ƙara ba yarinyar ga ruwan randar can."

Delu ce ta yi ta maza. Ta ratsa mutane ta ɗauki Hakama ta ce daga yau yarinyar mai jego ce, a ɗakinta za ta kwana, ba mai ba ta ko ɗigo sai ita. Mai gari ya ce a mayar da ni bukkata, kada in fita, kada in taɓa tulun kowa, za a ga abin da Allah zai yi.

Allah kuwa Ya yi. Ban daɗe ba cikina ya murɗa. Abin da na gani a gidajen mutane ya zo mini har gida, na kwanta ba mai ɗaga ni. Delu kan leƙo in ta samu sarari, ita ta gaya mini Hakama ta fara riƙe kunu, ta kuma ce mai yasa ya iso, an kwashe baƙin taɓo daga rijiya, ana gyara bakinta da itace. Amma kada ku ce gari ya wanke ni. Wasu cewa suka yi yarinyar ta tashi don na ji tsoro na sake ta, ciwona kuma kurwar ce ta ƙi zama. Masu cewa a kore ni in na miƙe ba su yi shiru ba. Mutum in ya riga ya zarge ki, ko mutuwa kika yi sai ya ce dabara ce.

Ina kwance wata rana da hantsi, harshena kamar busasshiyar fata, tulun da ke ɗakina ba komai, sai na ji hayaniyar waje ta ɗauke. Daga baya aka ba ni labarin abin da ya sa. Inna ce ta fito daga gidan mai gari da ƙwarya a kanta, ita da rabonta da ɗaukar kaya tun ɗanta bai yi gemu ba. Ba ta bi ta bayan gari ba. Ta ratsa ta gaban masallaci, ta gaban masu zaman gindin bishiya, ta bi ta bakin rijiya inda mata suka fi yawa, tana tafiya a hankali kada ya zube. Aka yi ta cewa Inna kawo a ɗaukar miki, ta ƙi. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ta da maganar kora, don ba a korar wadda uwar mai gari ta kai wa ruwa da kanta. Inna ba ta taɓa faɗin abin da ya faru gaban mutane ba, ni ma ban buɗe baki ba sai yau da ƙasa ta daɗe da rufe ta.

Ta sunkuyo ta shigo bukkar, ta durƙusa da ƙyar, ta tallafo kaina. Na ji ɗumin ƙwaryar a kumatuna. Duk da halin da nake ciki, sai da na kurɓa kaɗan na juya shi a baki, don hali zanen dutse ne. Tana kallona, ta san abin da nake yi. Ruwan lami ne, mai warin hayaƙi, da sauran zafinsa har yana cin leɓe.

"Sha, ɗiyata," in ji ta. "Da zahi, ki yi haƙuri. Ban surka ba."